Kokowar Jiyu-jitsu: In Abokin Karawa Ya Ja Da Baya

A kokowarmu ta gargajiya, wanda ya faɗi an kada shi, magana ta ƙare. A jiyu-jitsu kuwa, ƙasa nan ne ake soma aiki. Asalin wannan kokowa daga Japon yake. Mitsuyo Maeda ya isa Birezil a 1914, Carlos Gracie ya koya wurinsa, ya buɗe makaranta a Rio de Janeiro a 1925.

Matsalar da ke damun ƴan wasa ita ce: kana zaune ƙasa, abokin karawa yana tsaye, kuma ya fi ka maki. Duk lokacin da ka matso, sai ya ja da baya, yana cinye lokaci. Wasan manya masu baƙar ɗamara minti 10 ne kawai. Dokar ƙungiyar IBJJF tana hukunta mai gudun kamu, a laifi na huɗu a kore shi, amma mai jiran alƙali ya ceto shi yana iya tashi hannu banza.

Ka tuna, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Idan ka miƙe hannuwa ka sunkuyar da kai, zai shaƙe maka wuya, ko ya kewaye ƙafafunka ya ci maki 3. Saboda haka ka dafa hannu guda a ƙasa, ka riƙa jan gindi kana bin sa, ƙafafunka na gaba, har ka kama idon sawu ko hannun riga.

Mai ja da baya nauyinsa yana komawa ƙafar baya, ta gaba ta yi sakayau. A wannan lokaci ne za ka tashi tare da shi, ka rungume ƙafar gaban, kanka a miƙe, manne da ƙirjinsa. Ko kuma ka riƙe diddigensa da hannu guda, ka tura gwiwarsa da ɗayan, ya faɗi. Wanda ya taso daga ƙasa ya hau sama, ya danne har daƙiƙa 3, ya sami maki 2.

Ƙa'idar malaman wasan ke nan: in ya danno ka, shiga ƙarƙashinsa ka juye shi, in ya janye, tashi ka bi shi. Wannan kamun ƙafa kuwa, duk wanda ya taɓa kallon kokowar takobi, wadda aka soma a Tawa a 1975, ya san shi sarai.