Nunar Giya: Ma'aunin Mai Kwalba da Ma'aunin Mai Tukunya a Yammacin Kano

1.0 Gabatarwa

Hausa ba ta da kalma guda da ta tattara duk sauyin da ƙananan halittu ke jawo wa abinci idan an ajiye shi. Ƙullun waina tashi yake yi, nono barci, kalwa ruɓa kafin ta zama daddawa, saiwar magani kuwa tsimuwa. Amma idan aka zo ga lokacin da abu ya isa a yi amfani da shi, sai a koma ga kalma ɗaya, wato nuna. Wannan maƙala ta dubi abin da nuna ke nufi ga giyar dawa da ake kira burkutu, ta kwatanta shi da ma'anarsa ga masu haɗa giyar sha'ir a gidajensu a Turai da Amurka, waɗanda kan ɗura ta a kwalba. Ma'aunan biyu sun yi hannun riga.

Daga Kabo zuwa ƙasar Gwarzo, inda Sabon Birni da Getso suke, har a dangana da Ƙaraye da Malumfashi ta Jihar Katsina, ƙasa ce ta noman dawa, kuma tana cikin yankunan da aka san Maguzawa da zama. Joseph Greenberg ya yi bincike a tsakanin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya fitar da littafinsa a 1946. A rayuwar gargajiya ta wannan al'umma, da giya ake sallamar 'yan gayya, da ita ake biki, ana kuma zuba wa iskoki. Dafa ta aikin mata ne, kuma hanyar samun kuɗinsu ce.

2.0 Ma'aunin mai kwalba

Yis yana cin sukarin da ke cikin ruwan hatsi, ya fitar da abu biyu: barasa da iskar kabon. Muddin akwai sauran sukari, iskar ba ta daina fita. Wanda ya toshe irin wannan ruwa a kwalba tun aikin bai ƙare ba, iska za ta taru har gilashin ya tarwatse, ya kuma iya raunata na kusa.

Saboda haka mai kwalba jira yake yi sai yis ya gama. Ba ya dogara da kwanciyar kumfa, domin sanyi kaɗai kan sa yis ya lafa alhali da sauran aiki. Abin dogaronsa shi ne ma'aunin kaurin ruwa, ɗan gilashi mai yawo a kan ruwa wanda ke ƙara nutsewa gwargwadon raguwar sukari. Giyar da ta fara daga wajen 1.050 takan sauka zuwa wajen 1.010 cikin mako ɗaya ko biyu. Idan aka auna yau, aka sake aunawa bayan kwana biyu ko uku lambar ba ta motsa ba, to ta nuna. Sannan a ƙara ɗan sukari da aka auna daidai, a toshe.

3.0 Ma'aunin mai tukunya

Mai burkutu daga baya take ƙirga kwanakinta. Ranar kasuwa ko ta biki ita ce tabbatacciya, daga ita ake lissafin ranar jiƙa dawa. Bayan jiƙo sai a baza dawar a lulluɓe ta, ana yayyafa mata ruwa har ta yi tsiro cikin 'yan kwanaki, a shanya, a niƙa. Idan an dama garin ya kwanta, akan tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a dafa na ƙasa, sannan a mayar masa da ruwan. Akwai hikima a wannan mataki. Sitacin dawa ba ya narkewa sai da zafi mai yawa, fiye da na sha'ir, kuma wannan zafin yana kashe sinadaran tsiro masu mayar da sitaci sukari. Ruwan da aka keɓe shi ke tsare da su har wuta ta gama nata aikin.

Daga nan a bar shi ya kwana ya yi tsami, aikin bakteriya irin masu sa nono barci. A sake tafasawa a tsayar da tsamin, a bari ya huce, a zuba ragowar giyar baya wadda ke ɗauke da yis. Tun a nan ake fara gwajin gwaninta: tsamin da bai kai ba yana barin ƙofa ga ruɓa, wanda ya wuce kuwa ba ya gyaruwa.

Cikin yini ɗaya ko biyu tukunya takan ɗauki motsi kamar tana tafasa ba wuta a ƙarƙashinta. Kunne ke fara shaida, don ana jin ƙarar kumfa ko ba a buɗe ba. Sai ido, sai hanci, amma harshe ne alƙali. Idan zaƙi ya rinjaya, giya ba ta kai ba, mashaya za su ce kunu aka ba su. Idan zaƙin ya ja baya bai ɓace ba, tsami ya daidaita, kumfa kuma tana kan tashi, to wannan ita ce nuna. Ke nan lokacin da mai kwalba zai ce a dakata, shi ne lokacin da mai tukunya ke fito da ƙwarya.

Tazarar kuwa gajeriya ce. Tukunya a buɗe take, iska na shiga, wasu bakteriyan kuma suna jiran barasa ta samu su mayar da ita ruwan khal. Shirun da mai kwalba ke jira, ga mai burkutu alamar asara ce: dawa da itace da wahalar fiye da mako guda sun tafi. Yanayi ma yana da ta cewa. A bazara, lokacin da zafin rana a Kano kan kai digiri 40, komai gudu yake yi. A hunturu kuwa sai tukunya ta yi nawa, a matsar da ita inda akwai ɗumi ko a lulluɓe ta. Shi ya sa amsar "kwana nawa?" ba ta tsayawa a lamba ɗaya.

Wannan ne dalilin da ya sa burkutu bai zama abin kwalba ba. Ko a jarka aka zuba don kaiwa wani wuri, ba a ɗaure murfin tamau. Masu masana'anta a kudancin Afirka sun gamu da matsalar, inda giyar dawa ta Chibuku aka riƙa sayar da ita a kwali mai ɗan huji a sama domin iska ta fita.

4.0 Halin da ake ciki

Tun bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000 da kafa Hukumar Hisbah a 2003, sayar da barasa laifi ne a jihar, kuma da yawa daga zuriyar Maguzawa sun karɓi Musulunci ko Kiristanci sun bar sana'ar. Ilimin ya rage a bakin tsofaffin mata. Manazarta sun fi karkata ga bori da bukukuwan Maguzawa, alhali kalmomin tukunyar giya ma kayan nazarin harshe ne, kuma tattara su ba yabon shanta ba ne. Dawar kanta ta sami wata hanya: tun da gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanonin giya na Nijeriya suka koma sayen dawar Arewa, inda a can ake auna nunarta da gilashi.