Taya a Intanet: Rangwamen Ɗakin Otal da Cinikin Biri a Sama

Tun ina yaro a Damri, cikin ƙasar Bakura, babu tafiyar da nake ɗoki kamar ranar da kawuna zai ɗauke ni mu ci kasuwar Talata Mafara. A kara, inda ake cinikin dabbobi, na fara koyon darasin harshe tun kafin in san akwai wani fanni mai suna kimiyyar harshe. Mai sa ba ya faɗin kuɗin sansa. Mai saye ne zai zagaya dabbar, ya shafa tozo, ya duba haƙori, sannan dillali ya ce masa, “To, taya.” Idan tayin ya yi ƙasa, mai dabba zai ce “albarka”, kalmar da ke ƙin tayi ba tare da ta ci mutuncin wanda ya yi shi ba. A yi ta ja, a yi ta ƙari, har a kai inda za a ji “na sallama”. Daga nan ciniki ya faɗa, a biya la'ada, kowa ya kama gabansa.

Abin da ya tuno mini da wannan, mai karatu, shi ne yadda a yau ma'aikatanmu da malamanmu da 'yan kasuwarmu suke neman masauki a manyan birane ta wayar hannu, suna farautar rangwame a Abuja da Legas da Makka da Landan. Da yawa daga cikinmu muna ɗauka wannan sabon ilimi ne da Bature ya zo da shi, alhali tushensa tayi ne irin na kara. Sai dai an ɗauki tayin an bar sharuɗɗan da suka sa ya zama ciniki na adalci, kuma a nan ne nake ganin ya kamata mu tsaya mu yi nazari.

A 1998 wani ɗan kasuwa Ba'amurke, Jay Walker, ya buɗe dandalin Priceline da wata dabara: maimakon mai kaya ya faɗi farashi, mai saye ne zai faɗi abin da zai iya biya. An fara da tikitin jirgin sama, ba da jimawa ba aka shigo da ɗakunan otal. Mai neman ɗaki zai zaɓi birni da unguwa da darajar otal, wato taurari uku ko huɗu ko biyar, ya rubuta tayinsa, ya miƙa lambar katin bankinsa. Idan wani otal ya karɓa, nan take za a cire kuɗin, kuma sai a lokacin ne za a gaya masa sunan otal ɗin. Babu fasawa, babu mayar da kuɗi. Idan kuwa aka ƙi, sai ya jira tsawon yini guda kafin ya sake tayawa, ko ya sauya unguwa ko darajar otal. A 2000 dandalin Hotwire ya fito da irin nasa salon, inda ake nuna farashi a ɓoye sunan otal.

Me zai sa mai otal ya yarda ya karyar da ɗakinsa? Amsar tana hannun duk wanda ya taɓa noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978. Mai tumatir ya san cewa kwandon da ya ƙi sallamawa da hantsi, da la'asar zai roƙi a saya. Ɗakin otal ya fi tumatir saurin lalacewa, domin daren da ya wuce babu kowa a ciki ya tafi ke nan, ba a shanya shi, ba a kai shi kasuwa ta gaba. Saboda haka gara a karɓi rabin kuɗi da a kwana da ɗaki fayau. Amma mai otal yana tsoron abu ɗaya: idan ya shelanta ragin a fili, baƙon da ya saba biyan cikakken kuɗi shi ma zai nemi ragi. Ɓoye sunan otal shi ne maganin wannan tsoro. Wato duhun da aka sa mai saye a ciki an shirya shi ne don kare farashin mai kaya, kuma rangwamen da ake ba shi ladan yarda da duhun ne.

Ni kaina na taɓa gwadawa. Wata shekara na je taron masana harshe a wani babban birni na Amurka, guzuri kuma bai taka kara ya karya ba, sai wani abokin aiki ya nuna mini yadda ake yi. Na taya kusan rabin kuɗin da aka saba, aka sallama mini, na yi ta murna. Ɗakin kuwa babu laifi. Kuskuren nawa ne, domin unguwar da na zaɓa a taswira faɗi gare ta, otal ɗin ya faɗo a can gefenta, nesa da zauren taro. Abin da na rage a ɗaki na biya shi a motar haya, ga makara kullum safiya. Da na dawo gida nake ba kawuna labari, sai ya yi shiru, sannan ya ce, “Malam, kai da karatunka, ka biya kuɗin abin da ba ka gani ba, kuma ba ka da ikon fasawa? Wanga ai cinikin biri a sama ne.” Na ce, “Kawu, ai na sami ragi.” Ya ce, “Wa ka riƙe in abin ya ɓaci?”

Wannan tambaya ta kawu ita ce gishirin maganar. Tayin kara yana tsaye ne a kan duwatsun murhu uku. Na farko gani: mai saye yana duba kaya kafin ya buɗe baki. Na biyu zaɓi: kamar yadda mai kaya ke da “albarka”, haka mai saye ke da ikon juyawa ya tafi kafin a sallama. Na uku lamuni: akwai dillali sananne, mai gida da iyali a gari, wanda za a kama idan dabbar ta fito ta sata ce ko mai ciwo. Kalmomin kansu suna ba da shaida. “Dillali” daga Larabci take, asalinta mai nuni, wanda ke nuna maka hanya da kaya. “La'ada” kuwa daga kalmar Larabci ta al'ada ta samo asali, wato abin da kowa ya sani, aka saba da shi, ba a ɓoye ba. A tayin intanet an ɗauke gani, an ɗauke zaɓi daga hannun mai saye bayan ya danna, dillalin kuma na'ura ce da ke wata ƙasa, wadda la'adarta ke tsakaninta da mai otal.

Ko a fiƙihun da muka gada, malamai sun halatta gwanjo, inda ake ƙara tayi a kan tayi a bainar jama'a, sun kuma yi bayani mai tsawo a kan gharari, wato cinikin da jahilcin kaya ya yi yawa a cikinsa. Malikawa sun yarda a sayar da abin da ba ya nan idan an siffanta shi siffa mai gamsarwa. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin masu shi ne. Ina nuni ne kawai cewa tambayar “nawa ka sani game da abin da kake saye?” tsohuwa ce a wurinmu, kuma ba ta tsufa ba.

Haka batun masauki shi ma ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Fatake sun yi ƙarnuka suna sauka a zango, daga Kano zuwa Gwanja, a hannun fatoma. Masanin zamantakewa Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda masu gida ke saukar da baƙin 'yan kasuwar shanu da goro, su ciyar da su, su haɗa su da masu saye, su kuma tsaya musu a kan bashi. Jarin mai gida sunansa ne. Ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga shi isa Arewa, gidansa ya mutu. Wannan tsari ya yi aikin da dandalin intanet ke yi a yau, da bambanci ɗaya: akwai fuskar da za a tuhuma.

Abin sha'awa, tayin makafi bai ɗore ba har a inda aka haife shi. Priceline ya janye tsarin daga tikitin jirgi a 2016, daga baya kuma ya janye shi daga motocin haya da ɗakunan otal. Abin da ya ɗaukaka kamfanin shi ne Booking.com, wanda ya saya a 2005, inda ake ganin sunan otal da hotonsa da farashinsa da ra'ayin waɗanda suka kwana a ciki, har uwar kamfanin ta koma amsa sunan Booking Holdings a 2018. Jama'a sun nuna cewa sun fi son su gani kafin su biya. A gida Nijeriya ma, dandalin Hotels.ng da Mark Essien ya kafa a 2013, da Jovago wanda ya koma Jumia Travel kafin Jumia ta fita daga harkar a 2019, duk a kan farashin fili suka ginu.

Sai dai kada mu yi saurin sakin jiki, domin duhun ya sauya kama ne kawai. Har yanzu akwai rangwamen da ake ɓoye sunan otal sai an biya. Farashin da kake gani da safe kuma na iya sauyawa kafin azahar, domin na'ura ce ke auna yawan masu nema tana ɗagawa tana saukewa. Duk wanda ya nemi ɗaki kusa da Harami a goman ƙarshe na azumi, ko a Abuja a makon babban taron jam'iyya, ya san haka. Ga kuma jan rubutun nan da ke cewa ɗaki ɗaya ya rage, ko mutum kaza na duban wannan ɗakin yanzu. A 2019 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta sa manyan dandali shida, ciki har da Booking.com da Expedia da Agoda da Trivago, suka ɗauki alkawarin daina matsa wa mai saye da irin waɗannan saƙonni masu ruɗi da ragin da ba na gaskiya ba. A 2022 wata kotun tarayya a Ostireliya ta ci Trivago tarar dalar ƙasar miliyan 44.7 saboda nuna wa jama'a cewa yana fito musu da farashi mafi sauƙi alhali sau da yawa wanda ya fi biyansa yake fifitawa. A kara, wanda ke zuga farashi ba da niyyar saye ba sunansa ɓatacce ne. A intanet ana iya rubuta shi cikin na'ura.

Wani zai ce wannan damuwar masu hali ce, me ya haɗa ta da mutumin Damri? Abin da ya haɗa su shi ne hanya. Rashin tsaro ya sa tafiyar da a da ake yi a dawo a yini, daga Bakura ko Maradun zuwa Gusau ko Sakkwato, yanzu sau da yawa sai an kwana, domin ba mai son dare ya riske shi a daji. Mai jinya da ɗalibi da mai bin haƙƙin fansho duk sun zama masu neman masauki dole, kuma wanda dole ta kama ba shi da bakin cewa “albarka”. Sannan mun ga a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara na tsawon makonni, cewa duk abin da ya rataya a kan intanet kaɗai yana iya ɓacewa a dare ɗaya. A kwanakin nan zauren ɗan'uwa da gidan aboki ne suka rufa wa matafiya asiri.

Shawarata ga 'yan'uwana masu yawan tafiya ba ta da tsawo. A yi amfani da dandali don a san farashi, sannan a kira otal ɗin kai tsaye a taya, domin la'adar da yake biyan dandali, wadda kan kai kashi 15 cikin ɗari ko fiye, tana ba shi sararin yi maka ragi. A karanta sharaɗin fasawa kafin a duba hoton gado. A lissafa haraji da kuɗin mota a kan farashin. Kada a biya kuɗin da ba ya dawowa a kan tafiyar da jirginta ko hanyarta ba su da tabbas. Wanda aka cuta kuma ya sani cewa dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar tarayya da ake kai wa ƙara.

Ga matasanmu masu ilimin kwamfuta kuwa, akwai aiki a gabansu. Kano da Kaduna da Sakkwato da Gusau cike suke da ƙananan masaukai da ba su cikin kowane dandali. Wanda zai gina mana namu, da Hausa, ya gina shi a kan duwatsun nan uku: a ga ɗaki na gaskiya, a bar wa baƙo ƙofar fasawa, a kuma sami mutum mai suna da adireshi da za a kama idan alkawari ya tashi. Kawuna bai taɓa riƙe wayar zamani ba har ya koma ga Mahaliccinsa, amma tambayar da ya yi mini ita nake yi wa kaina duk lokacin da yatsana ya kusa danna wurin biya. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace.