Gurzar Fata Irin Ta Sinawa: Amfaninta Da Iyakarta

Yau za mu yi magana a kan wata irin tausa ta mutanen ƙasar Sin, wadda su ke kira gwa sha. A harshensu gwa shi ne kankara, sha kuwa su ne jajayen ɗige-ɗigen da kan fito a fata bayan an kankare ta. Tsohuwar al'ada ce, akwai ta cikin littattafan maganinsu na zamanin sarakunan Ming, watau daga 1368 zuwa 1644. Mutanen Biyetnam da na Indunusiya su ma suna da irin tasu.

Ga yadda a ke yi. Sai a shafa wa mutum mai a baya, ko wuya, ko kafaɗa. Sa'an nan a ɗauki wani abu mai santsin baki, kamar ƙahon ɓauna da aka goge, ko cokalin tangaran, ko kwabo, a riƙa gurza fatar da ɗan ƙarfi ta fuska guda, har wurin ya yi ja. Ba a tsaga, ba a fid da jini. Nan ya bambanta da ƙahon da wanzamanmu ke yi.

To, mene ne wannan jan? Masu yin abin tun dā su kan ce cuta ce ke fitowa. Likitoci sun duba, sun ga ba haka ba ne. Ƙananan hanyoyin jini ne da ke ƙarƙashin fata, waɗanda ba su kai kaurin gashi ba, su ke fashewa saboda gurzar. Ko mai lafiya lau aka gurza da ƙarfi, shi ma zai yi ja. Shacin ya kan ɓace cikin 'yan kwanaki, ba safai ya kan wuce mako ba.

Amma kada a ce abin banza ne. Gurzar ta kan ƙara gudun jini a wurin na ɗan lokaci, naman da ya sage ya saki. A shekarar 2011 waɗansu likitoci a Jamus sun gwada a kan mutum 48 masu daɗaɗɗen ciwon wuya. Aka gurza wa rabi sau ɗaya, rabi kuwa aka gasa musu wurin da abu mai ɗumi. Bayan mako guda, waɗanda aka gurza sun fi samun sauƙi. Sai dai mutum 48 ba su da yawa, mako guda kuma ba nisa. Iyakar abin da za mu ce ke nan: tana rage ciwon gajiya, irin na wanda ya wuni sunkuye da fartanya, ko matar da ta sha dakon tulu.

Ta fuska kuwa sabuwar yayi ce, da ɗan dutse mai santsi a ke yi, a hankali ƙwarai, daga tsakiyar fuska zuwa wajen kunne, ba a bari ta yi ja. Ta kan sassabe ɗan kumburin barci na sa'o'i kaɗan. Zancen wai tana kawar da tamoji, wannan maganar masu talla ce.

Yanzu ku kasa kunne sosai. A ƙasar Sin an saba yi wa mai zazzaɓi gwa sha, amma gurza ba ta kashe ƙwayar cuta. Zazzaɓin sauro cikin jini ya ke, ba abin da cokali zai yi masa. Mafi haɗari shi ne wuyan da ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, musamman da bazara. Wannan yana iya zama sanƙarau, wanda kan kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk sa'ar da aka ɓata wajen tausa, an rage wa malamin asibiti lokacin ceto ne. A ɗauko maras lafiya nan take, ko da tsakar dare ne. Haka nan fuskar da ta kumbura ta ƙi sacewa, ga ƙafafu su ma sun kumbura, tana iya nuna ciwon ƙoda. In mai ciki ce kuwa, hawan jini ne abin tsoro, lalle a auna ta ran nan.

Wanda ya ke so ya gwada don gajiya, kada ya gurza kan gyambo, ko ƙuna, ko ƙuraje, ko ƙafar da ta kumbura tana zafi. Mai shan maganin tsinka jini, da wanda jininsa ba ya tsayawa da wuri in ya yanke, su bar ta sam. Jarirai da tsofaffi tukuf fatarsu ba ta jurewa. Kowa ya riƙe abin gurzarsa shi kaɗai, ya wanke da sabulu, domin in fata ta ɗan sāle, ciwon hanta mai kawo shawara yana iya bin jini daga wani zuwa wani. In kuwa ka zo ɗakin shan magani da shacin a bayanka, faɗa wa malami abin da aka yi, don kada ya ɗauka ƙurajen wata cuta ne ko shacin duka.

Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.