Tafkunan Gokyo Ba Sa Son Mai Gaggawa

A ƙasar Nepal, can cikin tsaunukan Himalaya, akwai tafkunan Gokyo, waɗanda ke tsakanin mita 4,700 da 5,000 sama da teku. Mota ba ta zuwa wurin. Matafiyi yakan sauka daga ƙaramin jirgi a Lukla, ya bi ta Namche Bazaar da ƙafa, ya kwashe kwanaki yana hawa kafin ya ga shuɗin ruwan. A ganina, duk wanda ya rage kwanakin nan yana wasa ne da ransa. A irin wannan tsayi, iskar oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi kusan rabin ta bakin teku ce, jiki kuma sai a hankali yake sabawa. Shi ya sa likitoci ke cewa idan an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500.

Wani zai ce shi matashi ne, ƙarfinsa ya isa. Ciwon tsauni bai san ƙarfi ba. Majiyi ƙarfin ma shi ya fi saurin hawa, ya riga jikinsa isa. Wani kuma zai kawo kukan kuɗi, tunda kowane kwana da tsadarsa. Gaskiya ne, amma jirgi mai saukar ungulu da zai ɗauko wanda ruwa ya taru masa a huhu ya fi tsada nesa ba kusa ba. Wanda ciwon kai da amai suka kama a can, ya dakata. In abin ya ƙaru, ya sauko nan take.