Fiyano ko Manhaja: Inda Kiɗan Zamani Ya Dosa a Ƙasar Hausa



Maganar da aka nemi in yi yau ta shafi wata gardama da ke tsakanin masu sana'ar kiɗan zamani, watau ko na'urar nan da ake taɓawa da yatsu, wadda muke kira fiyano, ita za ta ci gaba da riƙe sana'ar, ko kuwa manhajar da ke cikin kwamfuta za ta ture ta. Wani zai ce ai wannan zancen 'yan sutudiyo ne kurum. To, amma duk wanda ya ratsa kasuwar Wudil ran Juma'a, ko ya hau motar haya zuwa Kano, ya san yawancin kiɗan da ke fita daga lasifika ba fata aka kaɗa ba, ba kuma tsirkiya aka goga ba. Wannan jami'a kuwa tun da aka kafa ta a 2001 kimiyya da fasaha aka ɗora mata, saboda haka zancen a gidansa yake.

Bari mu fara da yadda abin ke aiki. Sauti dai girgizar iska ce. In makaɗi ya bugi kalangu, fata ta girgiza, iska ta ɗauka ta kai kunne. Na'urar haɗa sauti ba ta da fata; wutar lantarki ce ake sa wa ta riƙa kai da komo, sa'an nan lasifika ta mai da wannan kai da komon sauti. In ya yi sauri murya ta yi sama, in ya lafa ta yi ƙasa. Muryar da makaɗan Turai ke daidaita kayansu a kanta, alal misali, girgiza 440 ce a daƙiƙa guda. Daga nan sai a tace sautin, a rage masa kaifi ko a ƙara, a kuma tsara yadda zai tashi da yadda zai mutu, domin abin da ya raba bugun ganga da busar sarewa mafi yawa yana nan ne: ɗaya ya faɗo gaba ɗaya ya ɓace, ɗaya ya shigo a hankali ya daɗe. Wani Ba'amurke, Robert Moog, ya fito da irin wannan na'ura a 1964, a 1970 kuma ya yi ƙaramarta wadda mutum guda ke iya ɗauka.

A 1983 abubuwa biyu suka faru. Kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da DX7, wadda ke samar da sauti ta hanyar lissafi, bisa binciken John Chowning na Jami'ar Stanford. Sa'an nan kamfanoni suka yarda da wani harshe guda, MIDI, wanda na'urori za su riƙa magana da juna da shi. Wannan harshe umurni yake ɗauka: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, yaushe aka saki. Da zarar sauti ya zama lissafi, yatsa kuma ya zama umurni, ai kowace kwamfuta mai ƙarfi tana iya aikin. Haka kuwa aka yi. A 1996 kamfanin Steinberg na Jamus, masu manhajar Cubase, ya fito da tsarin VST, wanda daga baya ya ba da damar a zuba kayan kiɗa iri iri cikin kwamfuta guda. Ina so ɗalibai su riƙe wannan: fiyanon da ke sutudiyon Kano ita ma ƙaramar kwamfuta ce aka sa wa maɓallai aka rufe. Rabin gardamar da ake yi a kan tufa ce, jikin ɗaya ne.

Mu dawo gida. Tun a 1978 Mamman Sani ya ɗauki kaset a Yamai da ogan mai aiki da lantarki, yana juya waƙoƙin gargajiyar Nijar a kanta. An sake buga aikin a Amurka a 2013. A Kano kuwa finafinai suka jawo fiyano. Bayan Turmin Danya a 1990, masu shirya fim suka bukaci kiɗa mai araha wanda ba sai an tara makaɗa da 'yan amshi ba. Sutudiyon Iyan-Tama ya yi suna da fiyanon Yamaha samfurin PSR cikin shekarun 1990, kuma waƙoƙin Sangaya a 1999 suka tabbatar wa kowa cewa akwai kasuwa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan wannan zamani. Dabarar samarin ita ce su bi sautukan da Japanawa suka zuba a na'urar ɗaya bayan ɗaya, su tsinci wanda ya yi kama da sarewa, da wanda ya yi kusa da kalangu, su haɗa. Kusa ne fa, ba daidai ba. Amma kunnen jama'a ya saba, har aka wayi gari wannan kusa ɗin ya zama sauti mai zaman kansa, wanda mawaƙan nanaye da na siyasa, har da waɗansu sha'irai, suka hau kai. Daga baya kwamfuta ta shigo da FL Studio da Cubase, da kuma Auto-Tune, wadda aka fitar a 1997 don gyara muryar da ta kauce, mu kuwa muka mai da ita ado.

Masu goyon bayan manhaja hujjarsu aljihu ce. Fiyano mai kyau da kuɗin waje ake sayo ta, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 ta ƙara yi wa yaro mai tasowa nisa, alhali kwamfutar hannu ta gwanjo tana ɗauke da sautukan da suka fi na fiyano goma. Tana da batir, in an ɗauke wuta aiki bai tsaya nan take ba. Masu fiyano su kuma suka ce tasu ba ta sandarewa a tsakiyar biki, ba ta kamuwa da cutar kwamfuta, kuma in ƙurar hunturu ta toshe maɓalli akwai mai gyara. Suna da gaskiya. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba, watau manhaja da yawa da ke yawo kwafin sata ce, wadda ba ta da sabuntawa, ba ta da wanda za a kai wa kuka. A Turai an ga an koma sha'awar tsofaffin na'urori, har kamfanin Moog ya sake ƙera ƙaramar tasa a 2016, Behringer kuma ya yi kwaikwayonta da araha. Wannan begen ƙuruciyarsu ne. Ba na jin zai yi tasiri a nan, domin mu ba da sautin Moog aka yaye mu ba.

Inda nake so mu daɗe shi ne wurin da duka biyun suka gaza. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuwa magana yake yi. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata, muryar ta hau, ya sassauta ta sauko, kuma tsakanin hawa da sauka babu tsani, zamewa ce. Haka goge, haka kukuma. Fiyano kuwa an yanka mata muryoyi goma sha biyu daidai wa daida bisa ma'aunin Turai, sai ɗan abin murɗawa a gefe wanda ke lanƙwasa duk muryoyin da aka danna gaba ɗaya. Wanda ya saurari kalangun da ke bayan Mamman Shata, ko kotson Musa Ɗanƙwairo, ko kuntigin Ɗanmaraya Jos, ya kuma saurari kwaikwayonsu a fiyano, zai ji an sami bugun an rasa maganar. Larabawa sun yi irin wannan kuka, Yamaha ya yi musu fiyano mai muryoyin da ke tsakanin maɓallai. Indiyawa ma an yi musu tasu mai tabla a ciki. Kamfani dai kasuwa yake dubawa, kuma zaman jiran masana'anta a Japan ta tuna da kalangu zaman jiran gawon shanu ne.

Abin da ke tafe, a ganina, zai fi yi mana amfani ta wannan fuska. A 2020 aka amince da MIDI na biyu, wanda ke barin kowace murya ta lanƙwasa ita kaɗai, kuma akwai allunan taɓawa masu laushi, irin Seaboard na kamfanin ROLI, waɗanda yatsa ke zamewa a kansu yana matsawa kamar hannun mai goge. Hasashena shi ne maɓallai za su zauna, domin hannu na bukatar abin taɓawa, amma sautin zai ƙaura gaba ɗaya zuwa kwamfuta da waya. In haka ta kasance, ƙofa ta buɗe, domin manhaja kowa na iya rubutawa. Aikin shi ne a zaunar da gwanin kalangu a ɗaki marar hayaniya, a ɗauki kowane bugu a matsi iri iri da ƙarfi iri iri, ɗaruruwan ɗauka ga ganga guda, sa'an nan a tsara su yadda matsin yatsa zai tsaya a madadin matsin hammata. Wannan bai fi ƙarfin ɗaliban kimiyyar kwamfuta da na injiniyan lantarki na Wudil ba.

Sai dai ma'aikatan gwamnati da ke nan su lura, ranar da aka gama ɗaukar hannun makaɗin nan, ranar aka rage masu kiransa biki. Fiyano ta riga ta rage musu abinci tun tuni. Dole a rubuta yarjejeniya tun kafin ya ɗaga gula, a sa sunansa, a yanka masa kaso a kowane kwafi da aka sayar. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadi haƙƙin masu wasa da kuma kariya ga al'adun gargajiya, saura aiwatarwa.

Akwai kuma dalilin hanzari. Daga 2023 manhajoji irin su Suno suka fara haɗa waƙa sukutum daga 'yan kalmomin da aka rubuta musu. Irin waɗannan daga abin da aka tara musu suke koyo, kuma kiɗan Hausa da ya fi yawa a intanet na fiyano ne. In an ce su yi kalangu, kwaikwayon kwaikwayo za su bayar. Sautin asalin yana hannun dattawan makaɗa da suka rage, da kuma tsofaffin faya-fayan da ke ajiye a Rediyon Kano da Rediyon Tarayya na Kaduna. Zaren kaset kuwa zafi da ƙura na cin sa kowace shekara, kuma na'urorin da ke iya karanta shi an daɗe da rage ƙera su.