Ƙwaron da ba ya cizo amma yake ƙona fata: abin da ya kamata ku sani

Mutum yakan kwanta lafiya lau, ya wayi gari da jan layi a wuya ko a kumatu, yana zafi yana bororo. Nan da nan sai a ɗora wa gizo-gizo laifi, ko a ce wani abu ne ya yi masa fitsari. Sau da yawa mai laifin wani siririn ƙwaro ne da tsawonsa bai cika wuce santimita ɗaya ba. Kansa baƙi ne, ƙirjinsa ja mai ruwan lemo, tsakiyarsa shuɗi mai duhu da sheƙi, sai jan ciki mai baƙar wutsiya.

Wanda ya gan shi zai ce tururuwa ce, a Kenya kuma ana ce masa ƙudan Nairobi, alhali ba ko ɗaya daga cikinsu ba ne. A lissafin masana, ɗan rukunin Coleoptera ne, wato ƙwari masu taurin fukafukan sama irin su buzuzu. Cikin wannan rukuni yana gidan Staphylinidae, wanda Bafaranshe Latreille ya raɗa wa suna a 1802, kuma ire-iren da aka sani a gidan sun haura 60,000. Alamarsu ita ce gajerun fukafukan sama da ba sa rufe ciki. Na tashi suna nan a ninke a ƙarƙashi, shi ya sa ake zaton ba ya tashi. Idan ya tsorata yakan ɗaga wutsiya sama, amma babu ƙari a jikinta.

Mafi yawan wannan babban gida ba su da wata illa ga mutum. Masu ƙunar suna cikin zuriyar Paederus, sunan da Fabricius na ƙasar Denmak ya ba ta a 1775, mai ire-ire sama da 600. Kada a haɗa su da hangara, wadda ita ma takan ƙona fata. Gidanta daban ne, dafinta ma daban.

Wanda ya fi yaɗuwa a zuriyar shi ne Paederus fuscipes. Ana samunsa daga Turai zuwa Gabas ta Tsakiya, Indiya, Sin, Japan, har Ostareliya, da sassan Afirka. A Afirka kudu da Sahara an fi jin sunan Paederus sabaeus, sai Paederus eximius a gabashin nahiyar. Kudancin Amurka na da nata ire-iren, musamman Barazil. Duk inda suke, abin da suke nema ɗaya ne: danshi da ɗumi. Mazauninsu bakin kogi ne da fadama da gonar shinkafa, inda tsutsarsu ke girma cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Saboda haka yawansu na bin ruwan sama. Mamakon ruwan da aka yi a gabashin Afirka a 1997 zuwa 1998 ya jawo ɓarkewarsu a Kenya, kuma a 2012 sun addabi birnin Surabaya na Indonesiya. Likitoci sun ba da rahoton wannan ƙuna a Najeriya da Saliyo da Sudan da Masar. Mu da noman shinkafa da na rani ke ƙara bunƙasa a fadamunmu, ya kamata mu san kamanninsa.

Dafin yana cikin ruwan jikinsa, sunansa federin. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin macen ne ke samar da shi, ita kuma ta zuba shi cikin ƙwanta don kare 'ya'yanta daga masu cin su, irin su gizo-gizo. Ƙwaron ba ya cizo, ba ya harbi. Sai an murje shi a kan fata ruwan ke fita, kuma ƙunar ba ta bayyana sai bayan kwana ɗaya ko biyu, lokacin da mutum ya manta da abin da ya kashe. Idan a lanƙwasar hannu ce, ɓangaren da ya taɓa wurin shi ma ya kama. Mafi muni shi ne a sosa ido da wannan hannu, domin ido kan kumbura ya yi jawur.

Hasken lantarki ne ke jawo shi cikin ɗaki da dare, musamman farin ƙwai mai haske sosai. Gidajen da ke kusa da gona da ɗakunan kwanan ɗalibai sun fi fuskantarsa. A sa raga a taga, a kwana cikin gidan sauro, a kashe fitilar da ke saman gado. Idan ya sauka a jiki, a hure shi ko a ɗauke shi da takarda. In an riga an murje shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa nan take, kafin a taɓa fuska. Ƙunar takan warke cikin mako ɗaya zuwa uku, ta bar baƙin tabo na wani lokaci. Wadda ta shafi ido ko ta fara ruwa, asibiti za a kai ta.

Ban goyi bayan a bi shi gona da feshi ba. A can mafarauci ne, yana cinye ƙananan ƙwarin da ke tsotse shinkafa da ƙwayayensu, kuma manoman Asiya da masu bincikensu sun daɗe suna lissafa shi cikin masu taimakon amfanin gona.