Jitar Bes: Yadda Ake Zaɓen Ta Farko Da Yadda Wayar Hannu Za Ta Maye Gurbin Amfilifaya

Duk wanda ya taɓa sauraron waƙa da sifikar waya, sannan ya sake sauraronta da iyafis mai kyau, ya san akwai wani sauti mai kauri da yake fitowa daga ƙasa wanda da farko bai ji shi ba. Wannan shi ne bes. Matasa da dama suna sha'awar koyon jitar bes don nishaɗi, amma abu biyu ne ke mayar da su baya: tsoron sayen jitar da ba ta da kyau, da tunanin cewa dole sai an haɗa da ƙatuwar amfilifaya. Gaskiyar magana ita ce kuɗin mai koyo ya fi dacewa ya tafi kan jita mai lafiyayyen wuya. Sauran aikin, wayar da ke aljihunsa za ta iya ɗaukar mafi yawansa.

Mece ce jitar bes?

Jita ce ta lantarki mai tsirkiya huɗu masu kauri, ana saita su a kan E, A, D da G. Kamfanin Fender na Amurka ne ya yaɗa ta a duniya da samfurin Precision Bass a shekarar 1951, sannan ya fitar da Jazz Bass a 1960. Har yau yawancin jitocin da ke kasuwa kwaikwayon waɗannan biyun ne.

Aikinta a cikin kiɗa shi ne haɗa ganga da sauran kayan kiɗa. Mai bes yana tafiya tare da bugun babbar ganga, kuma shi ne yake nuna wa kunne inda waƙar ta dosa. Wanda ya saurari waƙoƙin Bob Marley ya ji aikin Aston Barrett, wanda bes ɗinsa ne ginshiƙin kiɗan. A Afirka ma akwai gwanaye irin su Richard Bona ɗan Kamaru da Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu.

Me ya sa sifikar waya ba ta fitar da bes?

Sauti girgiza ce ta iska. Tsirkiyar E, wadda ta fi kowacce kauri, tana girgiza kusan sau 41 ne kawai a daƙiƙa ɗaya, ta A sau 55, ta D kusan 73, ta G kuma 98. Kafin a ji sauti mai zurfi haka sai an tura iska mai yawa, ita kuwa sifikar waya ba ta kai girman farce ba. Abin da take fitarwa ɗan saman sautin ne kawai. Saboda haka duk mai son koyon bes daga bidiyon YouTube, abu na farko da zai tanada shi ne hedifon ko iyafis mai kebul. In ba haka ba, zai ga yatsun malami suna motsi amma ba zai ji abin da ake kaɗawa ba.

Abubuwan dubawa kafin a saya

1. Yawan tsirkiya. Huɗu sun ishi mai koyo. Mai biyar tana da ƙarin tsirkiyar B mai zurfi, amma wuyanta ya fi faɗi, kuma hana tsirkiyoyin da ba a kaɗa ba yin ƙugi ya fi wahala.

2. Tsawo da nauyi. Tsawon tsirkiya a jitar da aka saba inci 34 ne. Akwai gajera mai inci 30 wadda ta fi sauƙi ga mai ƙananan hannuwa. Nauyin bes kan kai kilo huɗu, don haka a rataya ta a kafaɗa a ji kafin a biya kuɗi.

3. Fikof. Shi ne maganadisun da ke ƙarƙashin tsirkiya yana mayar da girgiza zuwa lantarki. Irin na Precision yana ba da sauti mai kauri kuma ba ya yawan ƙugi. Irin na Jazz ya fi kaifi, amma yakan ɗauko ƙugin wuta idan aka buɗe guda ɗaya. Jitoci masu sauƙin kuɗi irin su Yamaha TRBX174 da Ibanez GSR200 suna ɗauke da duka biyun. Squier kuma shi ne reshen Fender mai araha.

4. Mai batir ko marar batir. Wasu jitocin suna amfani da batir mai bolt 9 a bayansu. Muddin kebul yana jone, batirin yana ci, ko da ba a kaɗawa. Marar batir ta fi sauƙin sha'ani ga sabon shiga.

5. Wuya. Nan ne ake cin riba ko a yi asara, musamman idan jitar ta hannu ce. A danna kowace tsirkiya a kowane gurbi daga sama har ƙasa, a saurara ko tana gogar ƙarafunan da ke kwance a kan wuyan, waɗanda ake kira firet. A firet na 12, tazarar tsirkiya da ƙarfe bai kamata ta wuce milimita biyu zuwa uku ba. Idan ta yi sama sosai, yatsu za su gaji cikin minti biyar, kuma wannan ne ke sa mutane da yawa su jingine jita a bayan ƙofa. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake juyawa don miƙe shi. A sa mai sayarwa ya nuna cewa tana juyawa, domin idan ta karye, gyaran zai iya fin kuɗin jitar.

A kuma murɗa maɓallan sauti a ji ko suna ƙaraf-ƙaraf, a girgiza kebul a bakin ramin a ga ko sauti yana yankewa. Idan an ga tambarin Fender a kan jitar da farashinta ya yi arha fiye da hankali, a duba lambar da ke jikinta a shafin kamfanin. Araha ba ta ado.

Yadda ake jona ta da waya

Ba a jona bes kai tsaye a ramin iyafis. Ana buƙatar ƙaramar na'ura da ke tsakani, wadda take karɓar sautin jita ta mayar da shi bayanan da waya ke ganewa. Misalinta iRig na kamfanin IK Multimedia ko Focusrite Scarlett Solo. Jita ta shiga na'urar, na'urar ta shiga waya ta USB, hedifon kuma a jona shi jikin na'urar. Android ta fara karɓar irin waɗannan na'urori tun sigar 5.0 ta 2014, sai dai wasu wayoyin sai an kunna OTG a cikin saiti.

Daga nan sai manhaja. BandLab kyauta ce a Android da iPhone, tana da kwaikwayon amfilifaya kuma tana naɗar sauti. Masu iPhone suna da GarageBand.

Matsalar da aka fi cin karo da ita ita ce jinkiri, wato a kaɗa tsirkiya sai bayan ɗan lokaci a ji sautin. Hedifon na Bluetooth shi ne babban mai jawo wannan, don haka a guje shi wajen kaɗawa. Idan wayar ce ke da nauyi, a kunna maɓallin sauraron kai tsaye da ke jikin yawancin na'urorin. Wata hanyar kuma ita ce ƙaramar amfilifayar hedifon irin Vox amPlug ta bes, wadda ake makalawa jikin jita ba tare da waya ba.

Idan ana jin ƙugi, a fara cire wayar daga caji. Caja marar kyau da wutar janareta suna shigo da hayaniya cikin sauti. Kuma kada a jona bes a ƙaramar amfilifayar jita a ƙure murya, sifikarta za ta iya fashewa.

Koyo da manhajoji

Don saita tsirkiya akwai GuitarTuna. Makirfon waya yakan sha wuya wajen kama tsirkiyar E, sai a taɓa ta sama-sama daidai kan firet na 12 a kaɗa, manhajar za ta fi saurin ganewa. Manhajar Moises tana iya raba waƙa gida-gida, ta ware bes shi kaɗai a saurara, ko ta cire shi mai koyo ya cike gurbin. A YouTube kuma ana rage saurin bidiyo zuwa 0.75 ko 0.5.

Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. A fara da manhajar ƙidayar bugu a kan 60 a minti, ana kaɗa sauti ɗaya da yatsan nuni da na tsakiya bi da bi, har sai ya zauna daram a kan bugun. Mai bes da ke kaɗa sauti uku a kan lokaci ya fi mai kaɗa talatin yana gaba yana baya. A riƙa naɗar abin da aka kaɗa ana saurara, domin waya ba ta san kara ba.

Kula da ita a yanayin zafi da hunturu

Jita itace ce, tana sha tana bushewa. A lokacin hunturu iska takan bushe har katakon wuya ya ɗan tsuke, bakin firet ya fara kartar hannu, wuyan ma ya canja lanƙwasa. Da damina kuma sai ya koma. Don haka a ajiye ta cikin jakarta, nesa da taga, kuma kada a bar ta a cikin mota da rana. Idan za a juya sandar wuya, kada a wuce rubu'in zagaye a lokaci ɗaya. A goge tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa, saboda gumi da ƙura ne ke kashe sautinta.

Sayen amfilifaya zai iya jira har ranar da za a fara kiɗa da mai ganga a ɗaki ɗaya. Kafin lokacin, jita mai miƙaƙƙen wuya, na'urar jonawa, hedifon mai kebul da waya mai caji sun isa a fara.